Tambaya: Yaya ake tsara gargaɗin ambaliya da mutane za su ji su bar gida?

Ɗan Bakin Kogi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a kwarin kogin Haɗeja da ke jihar Jigawa, kuma yana daga cikin aikina in fassara sanarwar da hukumomi suke aiko mana, in karanta ta a tsakanin shirye-shirye. Duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba hankalin mutanen Ringim, Taura, Miga, Auyo, Kafin Hausa har zuwa Guri ba ya kwanciya, domin ruwan kogin Kano da na Challawa ta nan yake bi, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe masa hanyoyi da dama, ta yadda yakan fantsama inda ba a zata ba.

A daminar da ta wuce wata hukuma, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, ta aiko mana takarda da Turanci. Na fassara ta iya ƙoƙarina, kuma ga abin da na karanta sau shida a cikin yini biyu: "Ana sanar da jama'a cewa akwai yiwuwar samun ruwan sama mai yawa wanda ka iya haddasa ambaliya a wasu sassan jihar nan a cikin kwanaki masu zuwa. Don haka ana shawartar mazauna yankunan da ke fuskantar barazana da su ɗauki matakan kariya da suka dace, su kuma kasance cikin shiri." Bayan kwana uku ruwa ya shiga wasu ƙauyuka biyu cikin dare. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma gidajen ƙasa sun zube, rumbuna sun jiƙe, awaki da yawa sun tafi. Da na je ɗaukar rahoto, wani dattijo ya ce mini ya ji sanarwar da kunnensa, har ya shaida muryata, sai dai bai ɗauka da shi ake ba, tunda duk shekara haka muke faɗa.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, kuma ga wata daminar ta matso. Ina roƙon waɗanda suka girme ni a wannan fage su duba mini: shin fassarata ce ta gaza, ko kuwa tun daga tushe sanarwar ba ta da abin da zai tayar da mutum? Me ya wajaba a samu a cikin irin wannan saƙo? Yaya kuma za mu yi maganar abin da bai faru ba tukuna, ba tare da an ce muna da'awar sanin gaibu ba, ko kuma a ce mun yi ƙarya idan ruwan bai zo ba? An kuma ce bana za mu riƙa taimakawa wajen tsara gajeren saƙon tes na waya, kuma ban san yadda ake matse duk wannan a layi biyu ba.

Tsohon Ma'aikacin Agaji ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Fassararka ba ta da laifi, dattijon nan ma ba shi da laifi. Abin da aka aiko maka hasashe ne aka sa masa rigar gargaɗi. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai lura da awon ruwan koguna kuma takan fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ake tsoron ambaliya za ta shafa, kuma irin waɗannan takardu suna da amfani ƙwarai ga mai tanadin tantuna da mai yashe magudanai da mai tsara kasafi. Amma magidancin da yake da iyali goma sha biyu da rumbu biyu da shanun huɗa ba zai kwashe su ya kwana a fili don an ce "wasu sassan jiha" ba, kuma da ni ne a matsayinsa ni ma ba zan tashi ba.

Wasu masana biyu 'yan Amurka, Dennis Mileti da John Sorensen, sun tattara binciken shekaru masu yawa a kan yadda mutane suke karɓar gargaɗi a wani rahoto da suka fitar a 1990, kuma har yau a kansa akasarin masu wannan aiki suke gini. Abin da ake so saƙo ya ɗauka shi ne wanda ya aiko shi, da abin da ke tafe da irin ɓarnar da zai yi, da wurin da zai shafa, da lokacin da ya rage, da abin da mutum zai yi. Auna sanarwarka da wannan ma'auni ka gani. "Ana sanar da jama'a" ba ta faɗi mai magana ba. "Wasu sassan jiha" ba wuri ba ne. "Kwanaki masu zuwa" ba lokaci ba ne. Mafi muni kuwa ita ce "matakan kariya da suka dace", domin ta mayar wa mai sauraro da nauyin da ya kamata mai sanarwa ya ɗauka. Da ya san matakin da ya dace ai da bai buƙaci ka ba.

Akwai wani abu da binciken ya nuna wanda ni ma na gani da idona sau da yawa. Jami'ai sukan sassauta magana don tsoron kada jama'a su firgita su yi turereniya, alhali abin da yakan faru akasin haka ne. Mutum in ya ji gargaɗi ba ya gudu. Yakan leƙa waje ya dubi sama, ya kira ƙaninsa a waya, ya tambayi maƙwabci, ya jira ya ga ko mai unguwa ya fara ɗaure kaya. Duk abin da ka bari a buɗe a cikin saƙo, sai ya je neman cikonsa a wani wuri, kuma a wannan nema ne lokaci yake ƙarewa. Shi ya sa saƙon da ya cika, ko da ya ɗan yi tsawo, yake tayar da mutane da wuri fiye da gajeren da ya bar su da tambayoyi.

Ka kuma kiyayi kalmomin masana. Ranar 8 ga Nuwamba 2013 guguwar Haiyan ta afka wa ƙasar Filifin, ta kashe fiye da mutum 6,000, da yawa daga cikinsu a birnin Tacloban. An yi hasashen guguwar daidai, an kuma yi gargaɗi tun da wuri cewa iska za ta turo ruwan teku cikin gari, sai dai an faɗe shi da wata kalmar Turanci ta masana yanayi wadda talakawa ba su san ma'anarta ba, kuma daga baya waɗanda suka tsira da yawa sun ce da an gaya musu abu ne mai kama da tsunami, wato gagarumar igiyar teku da girgizar ƙasa take tayarwa, da sun gudu. Namu kwatankwacin haka shi ne milimita. Kada ka ce za a yi ruwa milimita 80. Ka ce ruwa zai iya kaiwa ƙugun babban mutum a Unguwa kaza, ka ce katangar ƙasa ba za ta jure ba. A gaya wa matasa masu ganin sun iya iyo cewa ruwa mai gudu da ya ɗara idon sawu kaɗan, wato kimanin santimita 15, yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai santimita 30 kuwa yana iya jan ƙaramar mota, balle babur.

Sannan ka bambance ruwan da ke ba da kwanaki da wanda ke ba da mintuna. Idan aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda ya faru a 2012 da 2022, yakan ɗauki kwanaki yana gangarowa ta kogin Binuwai daga Yola zuwa Makurɗi zuwa Lakwaja, don haka akwai damar a faɗa wa kowane gari ranarsa. Abin da ya sami garin Mokwa na jihar Neja da asubahin 29 ga Mayu 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu, na mintuna ne, kuma irin wannan sai dai a koya wa mutane abin yi tun kafin damina. Naku na kwarin Haɗeja yawanci mai ba da lokaci ne, saboda haka ba ku da uzurin cewa "kwanaki masu zuwa".

Malamar Hausa ta amsa:

Baba ya kawo ginshiƙin maganar, ni kuwa zan tsaya a kan harshen kansa, domin akwai ramuka a Hausa waɗanda mai fassara daga Turanci ba ya ganinsu sai ya faɗa.

Na farko ita ce kalmar "ruwa". Idan ka ce wa manomi ruwa yana zuwa, albishir ka yi masa, domin ruwan sama yake ji. Sanarwarka, ƙanena, ta buɗe da "ruwan sama mai yawa", wanda a kunnen mai gero a gona alheri ne, sai can a tsakiyar jimla ambaliya ta leƙo. Ga shi kuma ruwan da ya fi yi muku ɓarna ba lallai ne a kanku aka yi shi ba. Yana iya sauka a Kano ya iso muku alhali samanku garau take. Don haka sai a fara da kalmar "ambaliya", a ce "ruwan kogi" ƙarara, a kuma ƙara cewa zai zo ko da ba a yi ruwan sama a garin ba, in ba haka ba mutum zai fita ya dubi gabas, bai ga hadari ba, ya koma ya kwanta.

Wannan ya kawo ni ga rami na biyu, wanda ya shafi saƙon tes ɗin da ka tambaya. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan da baƙaƙen boko na gama-gari aka rubuta shi, amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin rubutun yakan sauya, sai ya koma ɗaukar 70 kacal, saƙon ya rabu gida-gida, a wasu ƙananan wayoyi kuma harafin ya fito kamar ɗan akwati. Shi ya sa masu aikawa suke cire lanƙwasar. To amma dubi abin da hakan yake haifarwa: "akwai haɗari" ta koma "akwai hadari", wato gargaɗin mutuwa ya zama labarin gajimare. "Ƙasa" ta koma "kasa", "ƙara" ta koma "kara". Maganin shi ne tun farko ka zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa. Ka ce "hatsari", wadda kowa ya sani. Ambaliya, kogi, tudu, gada, makaranta, yara, dabbobi, duk lafiya lau suke. Kalmar "ƙarfe" ma ba ka buƙatarta, domin "kafin la'asar" ya fi "kafin ƙarfe huɗu" shiga kunne a ƙauye, kuma ladan zai tuna wa kowa da lokacin ba tare da an biya shi ba.

Na uku shi ne salon "ana". Ana sanarwa, ana shawartar, ana kira ga. Wannan salon ofis ne, mai ɓoye mai magana da wanda ake yi wa, kuma shawara a al'adarmu abu ce da ake iya ɗauka ko a bari. Sankira ba ya cewa ana shawartar jama'a; yakan ce Sarki ya gaishe ku, ya ce kaza. Ka yi magana da "ku", ka kira unguwa da sunanta, ka yi umarni: ku bar gida, ku hau tudu, kada ku bi ta gada. Jimlarka ta farko ta tara shakku uku a jere, "akwai yiwuwar", "ka iya", "wasu sassa", kuma duk wanda aka yi wa magana da shakku uku ya san ba a so a kama mai maganar ne.

Game da gaibu kuwa, ina ganin damuwar ta fi yawa a zukatan 'yan boko fiye da na mutanen karkara. Masunci yakan dubi launin ruwa da irin karan da yake ɗaukowa ya ce kogi zai cika jibi, kuma ba wanda ya taɓa kiransa boka. Abin da ake so shi ne ka faɗi dalili: an auna kogi a wuri kaza ya ƙaru da kamu biyu tun jiya, ko an buɗe madatsa ranar kaza. Wannan labarin abin da ya riga ya faru ne, kamar a ce an ga ayari ya taso. Ba na hana a ce "Allah ya kiyaye" a ƙarshe, hasali ma rashinta yakan sa saƙo ya yi baƙunta, amma kada addu'a ta zauna a gurbin umarni. Liman ya fi ka sanin yadda zai kawo hadisin da aka ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, don haka ka bar masa wannan ɓangaren, kai dai ka tabbata takardar ta isa hannunsa kafin sallah.

Mazaunin Yamai ya amsa:

Ina gaishe ku daga wannan gefen iyaka. Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da ja a kan abu ɗaya. Baba da Malama suna tura ɗan'uwanmu ya yi magana da ƙarfi da yanke hukunci, alhali tambayarsa ta ƙarshe ba a amsa ta sosai ba: idan ya ce ku bar gida kafin la'asar, mutane suka kwashe, suka kwana a makaranta da sauro, ruwa bai zo ba, da wane ido zai dube su, kuma wa zai saurare shi a karo na biyu?

Abin da nake gani shi ne kada a yi tsalle daga shiru zuwa "ku gudu". A nan Yamai ana auna kogin Kwara, wanda muke kira Isa, da matakai masu launi: rawaya idan ya kai santimita 530, ruwan lemu a 580, ja a 620. A Satumbar 2020 ya kai wajen mita bakwai, shingen da aka yi masa ya fashe, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoye a gaɓar dama. Amfanin matakan shi ne mutum yana ganin abin yana hawa, kuma kowace sanarwa tana ba da labarin awon da aka yi ne, wanda ba wanda zai ƙaryata. Rauninsu kuwa shi ne launi ba ya fita a rediyo, kuma ko a takarda ba kowa ya san ruwan lemu ya fi rawaya tsanani ba. Launi ba shi da amfani sai an ɗaura masa aiki: a mataki na farko a ɗaga hatsi da takardu a kai wa 'yan'uwa a tudu, a na biyu a fitar da tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya da dabbobi, a na uku kowa ya fita. Idan aka tsaya a mataki na biyu ruwa ya janye, asarar kaɗan ce, amana kuma ba ta karye ba.

Kada kuma matakan su yi yawa ko sunayensu su yi kama da juna. Japan, wadda ta fi kowa gogewa a wannan fanni, ta daɗe tana da matakai biyu na kwashe jama'a, ɗaya shawara ɗaya umarni, mutane suka riƙa jiran na biyun, har a watan Mayun 2021 aka soke na shawarar aka bar umarni kaɗai. Sun kuma koyi wani darasi mai ɗaci game da lamba. A girgizar ƙasa ta 11 ga Maris 2011, gargaɗin farko da ya fita cikin kimanin minti uku ya ce igiyar ruwa za ta kai mita 6 a Miyagi, mita 3 a Iwate da Fukushima, wasu suka ga katangar bakin tekunsu ta fi haka tsawo suka zauna, alhali abin da ya zo ya haura mita 10 a wurare da yawa. Tun daga 2013, idan girgizar ta yi girman da ba a gama auna ta ba, ba sa ba da lamba a saƙon farko, sai dai su ce igiyar gagaruma ce. Saboda haka idan za ka ce ruwa zai kai ƙugu, ka ce zai kai ƙugu ko ya wuce.

Abu na ƙarshe, wanda kusan kullum ake mantawa: wanda ya ce a fita shi ne zai dawo ya ce a koma. Idan ruwa bai zo ba, ka hau rediyo washegari ka faɗi abin da ya faru, cewa kogi ya tsaya a wuri kaza ko ya fasa ta wata fadama, ka kuma gode wa waɗanda suka tashi. Shirun da ake yi bayan gargaɗin da bai tabbata ba shi ne yake haifar da maganar dattijon nan ta "duk shekara haka kuke faɗa".

Uwargida daga Maiduguri ta amsa:

Ni ba masaniya ba ce, amma ina cikin waɗanda ruwan madatsar Alau ya kora daga gidajensu a daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, kuma ina so in ƙara abin da masu rubuta sanarwa ba sa tunawa, wataƙila don yawancinsu maza ne. An yi kwanaki ana maganar ruwa a gari, manya suna tuna ambaliyar 1994, amma abin da ya fitar da ni shi ne bugun ƙofa da muryar maƙwabciyata tana kiran sunana. Maigidana ya yi tafiya, ina tare da yara huɗu da surukata wadda ba ta iya tafiya mai nisa, kuma na ɓata lokaci mai tsawo ina neman layinsa, domin ban saba fita da dare ba tare da ya sani ba, kuma ban san inda za mu nufa ba.

Saboda haka, ɗana, ina roƙonka abu biyu. Ka sa a cikin saƙon cewa matan da mazajensu ba sa gida su fita da yara kada su jira, kuma a ce wannan magana daga bakin liman da mai unguwa ta fito, domin daga bakinka kai kaɗai ba za ta wadatar ba. Magidanta ma a gaya musu tun farkon damina su bar wannan izini a gida. Sannan ka faɗi abin da za a yi da wanda ba ya iya tafiya da abin da za a yi da dabbobi, ka kuma faɗi ko akwai masu gadin unguwa, domin na san mutanen da suka ƙi fita saboda tsoron ɓarayi, ba don ba su yarda ruwa yana zuwa ba. Ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, amma kunnena ya ji tun da wuri, ƙafata ce ba ta san inda za ta taka ba.

A unguwarmu akwai tsofaffin da Hausarsu ba ta da ƙarfi, sai Kanuri ko Larabcin Shuwa. Ina jin ku ma ba za ku rasa Fulani a rugage da masu jin wasu harsuna a yankinku ba, kuma su ne suka fi kusa da fadama.

Ɗan Bakin Kogi ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, Malama, Hajiya da ɗan'uwana na Yamai. Allah ya saka da alheri, ya kuma mayar wa Hajiya da abin da ta rasa. Na zauna da shugaban sashenmu, mun amince cewa ba za mu sauya abin da hukuma ta auna ba, amma duk takardar da ta zo babu wuri da lokaci da abin yi, za mu kira wanda ya sa mata hannu mu tambaye shi kafin mu karanta. Ga gwajin da na yi na mataki na uku, da sunayen wurare na misali.

Na rediyo da lasifikar masallaci: "Wannan saƙo ne daga Hakimi da hukumar agajin gaggawa zuwa ga mutanen Unguwar Masunta da Bakin Fadama. Ambaliya tana tafe. An auna kogi da safiyar yau, ya ƙaru da kamu biyu tun jiya kuma yana ci gaba da hawa. Ruwan kogi zai shiga gidajenku yau da dare ko da ba a yi ruwan sama ba, zai kai ƙugun babban mutum ko ya wuce, kuma ginin ƙasa ba zai jure ba. Ku bar gida kafin la'asar, ku tafi makarantar firamare ta Tudu ta hanyar kasuwa. Kada ku bi ta gada. Liman da mai unguwa sun ce matan da mazajensu ba sa nan su fita da yara kada su jira. A kai dabbobi filin idi. Wanda yake da tsoho ko mara lafiya ya sanar da mai unguwa yanzu, akwai amalanke. 'Yan sintiri za su kwana suna gadi. Za mu sake magana bayan azahar. Allah ya kiyaye."

Na tes: "AMBALIYA: Ruwan kogi zai shiga Unguwar Masunta yau da dare. Ku tashi zuwa firamaren Tudu kafin la'asar. Kada ku bi ta gada. Daga Hakimi da hukumar agaji." Na ƙirga, bai kai harafi 160 ba, kuma babu mai lanƙwasa ko ɗaya.

Malamar Hausa ta sake amsawa:

Wannan ya yi nisa da na farko, ƙanena, amma akwai gyara. "Yau da dare" ba za ta zauna ba, domin wani zai naɗi muryarka ya sa a WhatsApp, kuma saƙon zai ci gaba da yawo har mako mai zuwa, wataƙila ma ya sake ɓullowa baɗi ya tayar da mutane a banza. Dole a sa rana da kwanan wata. Sai dai ka kula, kada ka ce "daren Talata", domin a lissafin da muka gada dare yana gaban yini, kamar yadda kowa ya san daren Juma'a shi ne Alhamis da dare, don haka rabin masu sauraro za su ji Litinin, rabi su ji Talata. Ka ce "yau Talata da dare", ka bi da kwanan wata. A saƙon tes kuma "ku tashi" tana iya zama farkawa daga barci, don haka ka mayar da ita "ku bar gida" kamar yadda ka yi a na rediyo. Idan wuri ya ƙare, ka taƙaita sunan unguwar yadda mutanenta suke kiranta.

Tsohon Ma'aikacin Agaji ya sake amsawa:

Ni tambayoyi ne da ni, ɗana, ba gyaran kalma ba. Wa yake riƙe da makullin firamaren Tudu, kuma ya san za a turo masa mutum ɗari uku kafin la'asar? Amalanken da ka ambata na wane ne, kuma an yi magana da shi? 'Yan sintirin sun amince za su kwana a unguwar da kai da bakinka ka ce ruwa zai kai ƙugu, ko kuwa a bakin hanyar shiga za su tsaya? Na taɓa raka jama'a zuwa wata makaranta da aka ambata a sanarwa muka tarar da ita a kulle, mai gadi ya tafi gona, kuma kafin magariba rabinsu sun koma gidajen da aka fitar da su. Duk jimlar da ke cikin saƙonka alkawari ce da wani zai cika, saboda haka ka ɗauki takardar nan tun yanzu, kafin ruwa ya sauka, ka kai ta gaban hakimi da limamai da shugaban makarantar da sarkin ruwa, kowa ya ji layin da ya hau kansa. Bayan haka ka karanta ta sau ɗaya tak ga mutum biyar a bakin kasuwa, a cikinsu a samu tsohuwa da yaro ɗan shekara goma sha biyu, ka tambayi kowannensu ina za shi, ta wace hanya, kuma kafin yaushe. Ka dawo mana da amsoshin da suka ba ka.